Jinin da ya ƙi daskarewa: nazarin lamarin yaron da kububuwa ta sara a gefen birnin Kano

Yaro ne ɗan shekara 8, nauyinsa kilo 22, mazaunin ɗaya daga cikin sababbin unguwannin da suka ci gonaki ta wajen Kumbotso, inda gidaje da kangwaye da sauran gonaki ke cakuɗe da juna. Lokacin kaka ne. Bayan sallar magariba aka aike shi ɗebo kara daga tarin da aka jingine a wani kango, yana sanye da silifa. Wani ɗan gajeren maciji mai zane-zane ya sare shi a bayan ƙafar hagu. Maƙwabta suka kashe macijin, wani ya ɗauki hotonsa a waya, kuma hoton ya yi amfani daga baya.

Mahaifinsa ya ɗaure ƙafar da robar tayar keke a ƙasan gwiwa, aka bar ta wajen awa biyu har kukan yaron ya sa uwar ta kwance. Aka kai shi wurin mai magani, ya yi tsaga uku da reza a kan saran, ya ɗora baƙin dutse. Da dare aka sayo masa maganin ciwon jiki a kemis, irin su ibufurofen. Ya yi barci. Da asuba uwar ta ga tsumman da aka naɗe ƙafar ya jiƙe sharkaf, yaron kuma yana tofar da yawu ja. Ƙarfe 11 na safe suka iso sashen gaggawa na yara a wani babban asibiti cikin birni, awa 16 bayan saran.

Abin da aka tarar

Yana cikin hayyacinsa, yana amsa tambaya, amma tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari. Bugun zuciya 138 a minti, awon hawan jini 85 bisa 55, hannuwa da sanyi. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, kaluluwar matsematsin hagu ta tashi tana ciwo. Tsagar nan uku suna ta tsattsafo da jini ba tsayawa. Da aka ɗaga leɓensa aka haska da tocila, jini na fitowa daga dasashi a gindin haƙora. Wani tsohon ƙurji a gwiwar hannu da ya riga ya bushe shi ma ya ɓalle. Babu nauyin fatar ido, babu wahalar haɗiya ko numfashi, saboda haka ba a zargi dafin da ke shanye jijiya ba. Hoton wayar ya nuna kububuwa.

Duba dasashi ya kamata ya zama al'ada ga duk wanda aka kawo masa saran maciji. Sau da yawa nan ne jini ke fara bayyana, kuma yaro ba zai faɗa ba, haɗiye shi yake yi.

Aka sa kanula, wato siririyar robar da ake bari a cikin jijiyar jini, a bayan hannu, aka ɗebi jini sau ɗaya don duk gwaje-gwajen, saboda kowace huda a jikin irin wannan yaro sabuwar ƙofar zubar jini ce. Ba a neman jijiyar wuya ko ta matsematsi, don idan ta ɓalle ba a iya danne ta yadda ya kamata. Awon yawan jini, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jinin, ya nuna kashi 21 cikin 100. Aka tura samfur don gano rukunin jininsa, da gwajin ƙoda, da na zazzaɓin cizon sauro, aka kuma tambayi iyayen ko yana da sikila. Ba shi da ita. Tambayar tana da muhimmanci a Kano, domin mai sikila da ƙarancin jini yake fara wannan gwagwarmaya.

Gwajin minti 20

Gwajin da ya yanke hukunci ba a ɗakin gwaje-gwaje aka yi shi ba, a gefen gado aka yi. Ana zuba jinin jijiya mililita 2 a sabuwar kwalbar gilashi, busasshiya, mai tsabta. A ajiye ta a tsaye, a rubuta lokaci, kada kowa ya taɓa ta har minti 20 su cika. Sannan a karkata ta sau ɗaya a hankali. In jinin ya tsaya guda, yana daskarewa. In ya malalo, sinadaran daskarewa sun ƙare. Na wannan yaron ya malalo.

Likita David Warrell ɗan Birtaniya da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan gwaji a 1977, daga aikin da suka yi kan saran kububuwa a arewacin Najeriya, kuma har yau shi ne abin dogaro a inda babu na'ura. Amma yana da wuraren da yake yaudara, kuma kusan duka daga kwalbar ne. Gilashi ne ke tayar da daskarewar jini. Idan aka yi gwajin a cikin sirinji ko kwalbar roba, jinin mai lafiya ma yana iya ƙin daskarewa, a ba yaro makarin dafin da ba ya buƙata. Haka kwalbar da aka wanke da omo ko sabulu. Haka idan mai gwajin ya ƙosa yana girgiza ta duk bayan minti biyar. Duk lokacin da aka yi shakkar kwalba, a ɗebi jinin wani lafiyayye a gwada a irinta, a ajiye su gefe da gefe. A ɗaya ɓangaren kuma, jinin da ya daskare awa ɗaya bayan sara bai wanke yaro ba. Dafin kububuwa yana iya ɗaukar awoyi kafin ya cinye sinadaran, don haka ake maimaita gwajin, ake kuma riƙe yaro aƙalla awa 24 ko da ya zo yana wasa.

Me dafin ke yi

Dafin kububuwa yana aiki ta hanya biyu a lokaci guda. Akwai sinadaran da ke kunna furotirombin, sinadarin da ke tayar da daskarewar jini, ba ƙaƙƙautawa, jiki ya yi ta ƙera ƙananan gudajin jini yana narkar da su, har fibirinojin, wanda da shi ake ƙera gudajin, da sauran kayan daskarewa su ƙare ƙarƙaf. Akwai kuma waɗanda ke cin bangon ƙananan jijiyoyin jini, su bar su suna yoyo. Na farko shi kaɗai yana iya barin mutum yana yawo da jinin da ba ya daskarewa ba tare da ya sani ba. Haɗuwarsu ce ke kisa, musamman idan yoyon ya faɗa cikin ƙwaƙwalwa ko bayan ciki. Idan ba a sami makari ba, tsakanin mutum 10 zuwa 20 cikin 100 da dafin kububuwa ya shiga jikinsu suna mutuwa, galibi bayan kwanaki, lokacin da 'yan uwa suka fara cewa ya ji sauƙi.

Ga inda yaro ya bambanta da babba. Maciji ba ya rage dafi don wanda ya taka shi ƙarami ne. Jinin jikin yaro mai kilo 22 bai wuce lita ɗaya da mililita 700 ko 800 ba, na babba kuwa wajen lita 5. Dafi iri ɗaya, jini kashi ɗaya cikin uku. Kofi ɗaya na jini da babba zai zubar bai ji ba, ga yaron nan babban kaso ne. Yara kuma suna riƙe awon hawan jininsu daidai har sai sun kusa faɗuwa, don haka saurin bugun zuciya da sanyin hannu sun fi awon hawan jini saurin ba da labari.

Makari, kuma cikakke

Daga nan ne ƙa'idar da aka fi karyawa ta fito: makarin dafin da za a ba yaro daidai yake da na babba. Ba a lissafa shi da kilo. Dafin ake kashewa, yawan dafin kuwa maciji ne ya ƙayyade shi. Ma'aikacin da ya saba raba kowane magani da nauyin yaro hannunsa zai kai ga rabin kwalba, kuma rabin kwalba a nan na nufin an bar rabin dafin yana aiki. Abin da ake ragewa saboda ƙanƙantar jiki shi ne ruwan da za a sirka makarin a ciki, mililita 5 zuwa 10 ga kowane kilo.

Kafin a huda kwalba sai an karanta takardarta. Dole a ga sunan Echis ocellatus, wato sunan kimiyya na kububuwarmu, a jerin macizan da aka yi makarin dominsu. Akwai makarai a kasuwa da aka haɗa da dafin kububuwar Indiya, Echis carinatus, waɗanda ba sa kashe dafin tamu. A wani asibitin karkara a Ghana, da aka koma irin wannan makari, mace-macen saran maciji sun tashi daga kashi 1.8 zuwa kashi 12.1 cikin 100. Iyalin da suka sayar da akuya suka sayo kwalbar da ba ta aiki sun yi asara biyu. Daga cikin makaran da aka gwada a ƙasar nan akwai EchiTAb-G, da aka haɗa a Birtaniya daga jinin tumaki don kububuwa kaɗai, da EchiTAb-Plus-ICP, da ake yi a Kosta Rika daga jinin dawaki don kububuwa da kasa da kumurci mai tofi. A gwajin da aka yi a Kaltungo ta jihar Gombe kan mutum 400, wanda aka wallafa a 2010, kwalba ɗaya ta na farko ta dawo da daskarewar jini cikin awa 6 ga kimanin kashi 76 cikin 100, kwalba uku na na biyu kuma ga kashi 83. Ma'anar wannan a aikace ita ce, cikin kowane mutum biyar akwai wajen ɗaya da zai buƙaci zagaye na biyu, kuma gara a sanar da iyaye haka tun farko don su shirya. Idan makarin na ruwa ne, a ɗaga shi a haske. Ajiyarsa a firji ce tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma wanda ya yi gurɓi-gurɓi saboda ɗaukewar wuta ba a sa wa mutum.

EchiTAb-Plus-ICP aka samu. Aka zuba kwalba uku a ruwan gishiri mililita 150, da niyyar ya shige cikin awa ɗaya. Ta kanula ta biyu aka ba shi ruwan gishiri mililita 220, wato 10 ga kowane kilo, saboda alamun jininsa ya yi ƙasa. Kafin a buɗe makarin an riga an ja adirenalin, allurar ceton rai idan jiki ya yi wa makarin bori, a sirinji an manna shi da filasta a jikin ƙarfen ƙarin ruwa: mai ƙarfin 1 cikin 1000, mililita 0.01 ga kowane kilo, wato 0.22 ga wannan yaro. Ba a yi gwajin fata ba, wato a fara sa ɗan makarin a fata a ga ko jiki zai yi bori. Ba ya nuna wanda jikinsa zai yi bori, lokaci kawai yake ci.

Minti goma na farko a hankali aka sake shi, nas tana zaune a bakin gadon. A minti na 15 yaron ya fara susar kai da wuya, borin jini ya feso masa a ƙirji, ya soma tari busasshe, bugun zuciya ya haura 160. Aka rufe makarin nan take, aka yi masa adirenalin a tsokar gefen cinya ta waje. Wannan ita ce allurar tsoka guda da aka yarda da ita ga mai jinin da ba ya daskarewa, kuma bayan an zare sai a danne wurin da ƙarfi na tsawon minti biyar ko fiye. Aka bi da magungunan kwantar da bori, kulofeniramin miligiram 0.2 ga kilo da haidirokotizon miligiram 2 ga kilo, ta jijiya, amma waɗannan 'yan rakiya ne, ba su ke ceton rai a mintunan farko ba. Da bai lafa ba cikin minti 5 zuwa 10, da an maimaita adirenalin. Ya lafa. Bayan kusan rabin awa aka sake buɗe makarin a hankali, ya ƙare ƙarfe 1 da kwata na rana.

Kuskuren da ake yawan yi a wannan gaɓa shi ne a tsorata a ce yaron "ba ya shiri da maganin", a ajiye sauran. Bori ana maganinsa a ci gaba. Dafin da ke cikin jini bai tafi ko'ina ba.

Awa shida na jira, da batun ƙarin jini

Cikin rabin awa da ƙarewar makarin dasashi ya bushe. Tsagar ƙafar, da aka naɗe da bandeji mai ɗan matsi, ta rage tsattsafowa. Wannan alama ce mai kyau, amma ba ita ce hukunci ba. Makari yana kashe dafi ne kawai, hanta ce za ta ƙera sababbin sinadaran daskarewa, kuma tana buƙatar kimanin awa 6. Shi ya sa ba a maimaita gwajin kwalba bayan awa biyu a ce makari bai yi ba. Togaciya ɗaya ce: idan jini na ci gaba da zuba sosai awa ɗaya zuwa biyu bayan makari, ko alamun zubar jini a ƙwaƙwalwa suka bayyana, ba a jiran awa shida, ana ƙarawa.

A cikin wannan jira mahaifin ya zo da ƙannensa biyu. "Likita, yaron nan ya yi fari fat. Ga mu, a ɗebi namu a sa masa." Aka ce masa, "Baba, za a ɗiba, kuma a ajiye a shirye. Amma in aka sa masa yanzu alhali dafin bai mutu ba, shi ma dafin zai cinye shi." Gaskiyar lamarin ke nan. Jini ko falasma, wato ruwan jini, da aka ƙara kafin makari zuba ruwa ne a kwando. Ana ƙarin jini don cike abin da ya zube, ba don gyara daskarewa ba. Idan yaro ya zo yana gab da mutuwa saboda zubar jini ba a hana shi, sai dai a sa su tare, makari ta hannu ɗaya, jini ta ɗayan. Bitamin K ba ya gyara wannan matsala, domin ba ƙarancinsa ne ya kawo ta ba. Hefarin kuwa, maganin da ke hana jini daskarewa, haɗari ne tsantsa, dafin ba ya jin sa, zubar jinin kawai zai ƙaru.

Ƙarfe 7 da kwata na yamma aka maimaita gwajin da sabuwar kwalba. Jinin ya sake malalowa. Aka ba shi zagaye na biyu, kwalba uku cif kamar na farko, a hankali, adirenalin a shirye. Wannan karon bai yi bori ba. Awon yawan jini ya sauko kashi 15, bugun zuciya bai sauka ba, don haka bayan makarin ya shige aka ƙara masa tatattun jajayen ƙwayoyin jini mililita 220 cikin awa uku zuwa huɗu. Da cikakken jini ne kaɗai ake da shi, lissafin mililita 20 ne ga kilo, kuma sabon ɗiba ya fi. Ƙarfe 2 da rabi na dare, awa 6 bayan zagaye na biyu, aka karkata kwalba, jinin ya tsaya guda.

Dalilin da zagayen farko bai wadatar ba a bayyane yake: ƙaramin jiki, awa 16 dafi na yawo, ga kuma ƙafar da ta kumbura tana ci gaba da sako wanda ya taru a cikinta. Wannan dalili na ƙarshe shi ne ya sa daskarewar farko ba ta zama sallama. Jini yana iya komawa ruwa bayan kwana ɗaya ko biyu, idan makarin ya ragu a jiki dafin ƙafa kuma bai ƙare ba. Aka ci gaba da gwajin duk awa 6 na yini guda, sannan sau biyu a rana har awa 48 suka wuce. Bai koma ba.

Duk tsawon daren farko ana duba abubuwa huɗu a kai a kai: ciwon kai mai tsanani ko amai, barcin da ba a iya tashinsa daga shi ko bambancin girman ƙwayar ido, ciwon ciki ko na kwiɓi, da launin fitsari da yawansa. Uwar aka ba wa roba mai awo ta riƙa tara fitsarin, ana neman aƙalla mililita 22 a awa. Ba a sa masa robar fitsari ko ta hanci ba, tunda babu larura kuma kowace tana iya jawo jini. Zazzaɓin da ya taso masa da yamma ya sauka da farasitamol da matsa jiki da ruwa, gwajin cizon sauro bai nuna komai ba.

Ƙafar

Don ciwo, farasitamol miligiram 15 ga kilo, wato 330, duk awa 6. An hana ibufurofen da dikulofenak da asfirin gaba ɗaya: suna raunana ƙwayoyin da ke toshe rauni, suna ƙwarzar ciki, suna kuma wahalar da ƙoda. Wanda aka ba shi a gida ya ƙara wa matsalar nauyi. Aka zana iyakar kumburin da biro aka rubuta lokaci, ana auna kaurin ƙafar da tef a wuri ɗaya. Bororo biyu da suka fito ba a fasa su ba. Saboda an tsaga wurin da rezar da ba a san tsabtarta ba, aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Saran da ba a taɓa ba galibi ba ya buƙata. Allurar rigakafin sarƙewar haƙora sai da jini ya daskare aka yi ta, don allurar tsoka ce.

A rana ta biyu kumburin ya kai tsakiyar cinya, ƙafar ta yi tauri, aka fara maganar a tsaga ta a sassauta. Ba a yi ba, kuma daidai ne. Yatsun da ɗumi, yana motsa su, jini na dawowa farce da an danna, bugun jijiyar bayan ƙafa yana nan. Kumburin saran kububuwa yawanci a ƙarƙashin fata yake, ba a cikin ɗakunan tsoka ba, kuma wuƙa a jikin yaron da jininsa bai daɗe da dawowa ba tana iya kashe shi. Ko da an tabbatar kumburin yana matse tsokar, sai jini ya daskare ake shiga tiyata. A rana ta huɗu kumburin ya fara sacewa.

An sallame shi a rana ta shida, awon yawan jininsa kashi 27, da maganin ƙarin jini na sha da umarnin wankin rauni. Aka gaya wa iyayen su dawo da shi nan take in suka ga jini a baki, a fitsari ko a kashi. Aka kuma faɗa musu cewa tsakanin kwana 5 zuwa mako biyu yana iya yin zazzaɓi da ƙaiƙayi da ciwon gaɓoɓi saboda makarin, kada a ɗauka dafin ne ya dawo a koma wurin tsaga. Hakan ta faru a rana ta tara, ƙuraje da ciwon gwiwa, kuma kwana biyar na firedinisolon, maganin kwantar da bori, da maganin ƙaiƙayi suka kawar da shi.

Da za a sake wannan dare, abin da ya kamata a yi a ƙofar kangon kaɗan ne: a kwantar da yaron, a cire duk abin da zai matse ƙafa in ta kumbura, a ɗaure ta da katako ko kara yadda ake wa karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi, kada ya taka, a sa shi a adaidaita sahu zuwa babban asibiti. Babu roba, babu reza, babu ƙaho, babu dutse. Tsagar nan uku su ne suka zubar da mafi yawan jinin da aka ƙara masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, kuma a nan Kano Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ya daɗe yana bincike a kansa, amma a matakin ƙaramin asibitin unguwa abin da ake buƙata bai wuce sababbin kwalaben gilashi a aljihun tebur ba, da adirenalin da bai lalace ba, da sanin asibitin da makari yake a yau, a buga waya a tabbatar kafin a tura yaro.